Gabar Harvard da Yale: wai da can wasan jami'a don Allah ake yinsa?

Akwai wata magana da nake yawan ji a majalisa in hira ta gangaro kan wasanni, wai da can ɗan makaranta saboda kishi kawai yake buga wa makarantarsa, babu kuɗi babu maguɗi, sai daga baya 'yan kasuwa da talabijin suka shigo suka ɓata komai. Amurkawa ma haka suke faɗa a kan wasannin jami'o'insu, musamman yanzu da aka fara biyan ɗalibai 'yan wasa kuɗi a fili, tsofaffinsu sai su yi ta kukan zamanin da ya wuce. To ni dai da na bi labarin gabar da ta fi kowace daɗewa a can, wato ta jami'o'in Harvard da Yale, sai na ga ashe abin tun ran gini tun ran zane ne.

Gasar farko da aka taɓa yi tsakanin jami'o'i biyu a Amurka ba ma ta ƙwallo ba ce, tseren kwale-kwale ne, ranar 3 ga Agusta 1852, a tafkin Winnipesaukee da ke jihar New Hampshire. Yale ce ta ƙalubalanci Harvard, kwaikwayon abin da Oxford da Cambridge suka fara a Ingila tun 1829. Amma wa ya ɗauki nauyi? Kamfanin jirgin ƙasa ne da layinsa ke bi ta bakin tafkin, shi ya biya wa yaran kuɗin tafiya da masauki da abinci, don shi lissafinsa mutane su hau jirginsa su zo kallo su kwana a otal-otal ɗin wurin. Harvard ta ci, aka ba ta kyautar filafilai, wanda ya miƙa kyautar kuma Franklin Pierce ne da ke takarar shugaban ƙasa a lokacin, kuma ya ci zaɓen a shekarar. Ka ga ke nan ranar farko ma ga ɗan kasuwa ga ɗan siyasa a bakin ruwa. Da suka sake haɗuwa a 1855 kuma sai ga rigimar farko, saboda wanda ke zaune a ƙarshen kwale-kwalen Harvard yana riƙe da akalar tuƙi ya riga ya gama makarantar.

Wannan abin ya tuna min da lokacin da muke sakandare, muka je buga wasan kofi da wata makaranta maƙwabciyarmu sai ga su da wani ɗan gaba wanda sawun reza ke nan ɓaro-ɓaro a haɓarsa, rigar da suka ba shi ko cibiya ba ta rufe ba, muka yi ta ihun sojan haya ne sojan haya ne, malaminmu na wasanni har da rubuta takardar ƙorafi. Sai a mota muna dawowa wani ya tuna mana cewa golanmu ma ai yaron gareji ne, bai taɓa zama aji da mu ba. Aka yi tsit.

Ƙwallo ta shigo daga baya. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 Rutgers da Princeton suka buga abin da ake lissafawa a matsayin wasan farko, mutum 25 kowane ɓangare, kuma ya fi kama da tamaular da muka sani don da ƙafa ake bugawa, Rutgers ta ci 6 da 4. Harvard ba ta shiga wannan tsarin ba, tana da nata salon da ake iya ɗaukar ƙwallo a hannu, kuma a 1874 da 'yan jami'ar McGill suka zo daga Kanada suka nuna musu zari-ruga sai suka ce ai wannan muke nema. A 1875 suka ja Yale ta buga da su a kan wannan tsari, suka lallasa ta 4 da nema. Yale ta ji zafin abin ƙwarai, kuma daga cikin ɗalibanta aka samu Walter Camp, mutumin da ya zauna ya mayar da zari-ruga wani wasa daban, wato ƙwallon Amurka na yau. Shi ya kawo rage 'yan wasa zuwa 11 a 1880, da jeruwa a layi biyu ana fuskantar juna kafin a fara kowane hari, sannan a 1882 ya kawo dokar cewa tim tana da dama uku ta ci yadi biyar gaba, in ta kasa ta miƙa ƙwallo. Mutumin da ke rubuta dokar wasa shi ne kuma uban tim ɗin Yale, to me kake tsammani? A kakar 1888 Yale ta buga wasa 13, ta tara maki sama da 690, ba a ci ta ko ɗaya ba.

Inda mutane ba su cika lura ba shi ne, a wancan zamanin wasan ba na hukumar jami'a ba ne sam. Ɗalibai ne ke da abinsu. Kyaftin ke zaɓar 'yan wasa, shi ke nemo koci, manajan tim wanda shi ma ɗalibi ne shi ke shirya wasanni ya karɓi kuɗin ƙofa, malamai kuwa kallon shirme suke wa abin. Sai kuɗin ya fara yawa. Wasan Yale da Princeton da ake kaiwa birnin New York ranar hutun godiya na watan Nuwamba ya zama biki na garin gaba ɗaya, zuwa 1893 ana maganar 'yan kallo wajen 40,000, har majami'u na matso da lokacin ibadarsu baya don mutane su samu zuwa fili. Kuɗi irin wannan ba a barinsa hannun yaro ɗan shekara ashirin, don haka tsofaffin ɗalibai suka shigo suka karɓe, kuma tsohon ɗalibi ya fi ɗalibi zafin kai a kan wasa nesa ba kusa ba, shi ɗalibi yana da jarrabawa a gabansa, shi kuwa tsohon ɗalibi yana zaune a ofis a New York da abokin aiki ɗan Yale da zai yi masa tsiya shekara guda cur in aka ci su. Da aka binciki asusun wasanni na Yale da Camp ke riƙe da shi bayan rikicin 1905 da za mu zo kansa, an tarar da ajiyar da ta kusa dala 100,000. Harvard kuwa a shekarar ta ɗauki Bill Reid koci a kan dala 7,000, albashin da ya fi na duk wani farfesa a makarantar, kuma aikin da aka ba shi ɗaya ne, ya ci Yale.

Su kansu 'yan wasan fa? Wata mujalla mai suna McClure's ta fasa ƙwai a 1905 a kan James Hogan kyaftin ɗin Yale: ba ya biyan kuɗin makaranta, yana zaune a ɗakin alfarma a ginin da 'ya'yan masu kuɗi ke zama, yana cin kamasho a kan tabar wani kamfani da ake sayarwa a wurin, har hutun kwana goma aka kai shi Kuba. A takarda kuwa ɗalibi ne mai wasa don sha'awa. Wasu ma yawo suke yi, wani ɗan wasa Fielding Yost yana jami'ar West Virginia a 1896 sai ga shi ya bayyana a kwalejin Lafayette daidai lokacin babban wasansu da Pennsylvania, aka ci wasa, ya tattara ya koma inda ya fito.

Sai maganar jini, wadda ita ce ta kusa kashe wasan. Dokar Camp ta yadi biyar ita ta jawo, don in yadi biyar kawai kake nema a dama uku kuma ba a yarda ka jefa ƙwallo gaba ba, to hanya mafi sauƙi ita ce ku dunƙule ku duka ku afka wa mutum ɗaya a layin abokan hamayya ku bi ta kansa. A 1892 wani mai suna Lorin Deland, wanda bai taɓa buga wasan ba, ɗan dara ne irin ta Turawa kuma mai nazarin yaƙe-yaƙen Napoleon, ya tsara wa Harvard wata dabara: 'yan wasa su kasu gida biyu, su taso da gudu daga nesa, su haɗe kamar tsinin mashi da mai ƙwallo a ɓoye a tsakiya, su dira a kan mutum guda. Ka tuna babu hular kwano a lokacin, gashi suke tarawa ya yi tsawo wai ya rage zafin karo, wasu su ɗaura wata robar kare hanci, kuma in aka fitar da kai ba ka dawowa don haka mutum na jiri yana ganin biyu-biyu zai ce shi lafiyarsa ƙalau. Duk da dabarar Yale ce ta ci 6 da nema, amma shekara na zagayowa kowa ya kwaikwaya.

Wasan 1894 a Springfield shi ne har yau ake kira wankan jini. An karya wa ɗan Harvard ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, an fasa hanci, wani ɗan Yale Fred Murphy aka kwashe shi a sume zuwa asibiti har jita-jita ta bazu cewa ya mutu, magoya baya suka ci gaba da dambe a titi bayan an tashi. Yale ta ci 12 da 4, kuma makarantun biyu suka yi hannun riga, ba su sake haɗuwa ba sai 1897. Makarantar sojan ƙasa da ta sojan ruwa su ma an dakatar da nasu wasan daga 1894 sai a 1899 aka dawo.

To tambayar da ta dame ni ita ce me ya sa ba a daina ba. Don ba wai ba a samu masu son a daina ba ne. Charles Eliot da ya shugabanci Harvard shekara 40, daga 1869 zuwa 1909, ya tsani wasan nan tsana ta gaske, yana ganin yaudara da mugunta ake koya wa yara, Harvard ma ta taɓa hana wasan kakar 1885 gaba ɗaya, amma shekara ɗaya aka yi aka dawo. Dalili na farko tunanin manyan lokacin ne. An gama yaƙin basasa a 1865, iyayen da suka yi yaƙi suna kallon 'ya'yansu sun tashi cikin daula suna tsoron za su zama ragwaye, sai aka ɗauki fili a matsayin madadin fagen daga, wurin da ɗan mai kuɗi zai koyi shan wuya da biyayya da jagoranci. Asalin tunanin daga makarantun kwana na manyan Ingila ya fito, kuma shi ɗin ne Turawan mulki suka kawo mana Kwalejin Katsina da kurket da fayif, wasan da Sardauna ya riƙe har girmansa. A jihar Georgia a 1897 wani ɗalibi Richard Von Gammon ya mutu bayan wasa da Virginia, majalisar jiha ta zartar da dokar haramta wasan, sai mahaifiyarsa da kanta ta rubuta wasiƙa tana roƙon kada a yi amfani da mutuwar ɗanta a kashe abin da ya fi so a duniya, gwamna ya ƙi sa hannu. In uwar mamaci ta faɗi haka wa kuma zai yi magana?

Dalili na biyu shi ne wanda nake ganin ya fi ƙarfi, kuma shi ne ainihin yadda gaba irin wannan ke aiki. Babu makarantar da za ta iya dainawa ita kaɗai. In Harvard ta ce ta bar sojan haya Yale ba ta bari ba, Harvard za ta sha kashi, tsofaffin ɗalibai su rufe aljihu, jaridu su yi ta dariya, yaran da ke zaɓar makaranta su nufi wajen mai nasara. In ta ce ta bar wasan ɗungurum sai a ce tsoro ta ji. Kuma ita Yale ɗin ba ta son Harvard ta fita, don wasansu ne ke cika fili, nasara a kan ƙaramar makaranta ba ta kawo ko kuɗi ko suna. Kamar kishiyoyi ne a gida ɗaya, ba a ga-maciji amma kowace da 'yar'uwarta take auna kanta, kuma duk gyaran da ɗaya ta kawo sai ɗayar ta fara duba ko wata dabara ce ta rage mata ƙarfi. Shi ya sa kwamitin dokoki ya yi shekaru yana zama ba ya gyara komai na kirki, don sai kowa ya yarda ake canza doka, Camp kuwa ba zai yarda da abin da zai taɓa salon Yale ba.

A 1905 tura ta kai bango. Aƙalla mutum 18 suka mutu a kakar, yawancinsu ma 'yan sakandare ne masu kwaikwayon manya. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, tsohon ɗalibin Harvard kuma masoyin wasan, ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadar White House ranar 9 ga Oktoba, ba don ya hana ba, don ya ceci wasan daga masu son hanawa. Suka yi alkawarin wasa mai tsafta suka fito. Makonni kaɗan bayan haka aka fasa wa ɗan Roosevelt ɗin hanci a wasan 'yan ajin farko na Harvard da Yale. Ranar 25 ga Nuwamba kuma abu biyu suka faru rana ɗaya: a babban wasan Harvard da Yale wani ɗan Yale ya daki ɗan Harvard Francis Burr a fuska yana tsaye yana jiran ƙwallo daga sama, jini ya wanke shi, rafali bai busa komai ba, a New York kuma Harold Moore na kwalejin Union ya samu bugu a kai a wasa da jami'ar New York ya mutu a daren. Shugaban jami'ar New York Henry MacCracken ya buga wa Eliot waya yana roƙonsa ya kira taro, Eliot ya ƙi, sai ya kira da kansa. Makarantu 13 suka zo zaman farko, zuwa ƙarshen Disamba sun kai 62, kuma ƙungiyar da suka kafa ita ce a 1910 ta koma NCAA da ke mulkin wasannin jami'o'in Amurka har gobe. Lura fa, ƙananan makarantu ne suka kafa ta, manyan da suka haddasa matsalar daga baya suka biyo. Columbia ta daina wasan har shekara goma, Stanford da California suka koma zari-ruga.

Wurin gyaran dokar akwai wani abin dariya. Kowa ya yarda sai an buɗe wasan an daina cunkushewa wuri ɗaya, Camp ya kawo shawarar a faɗaɗa fili da ƙafa 40. Amma Harvard ta riga ta gina sitadiyam na kankare a 1903, da gudummawar tsofaffin ɗalibai da kuɗin ƙofa, kuma kankare ba ya matsawa. Sai aka koma ga shawarar da Camp ba ya so, a yarda a jefa ƙwallo gaba. Wato abin da ya fi komai bambanta ƙwallon Amurka da zari-ruga a yau, wannan jifan mai nisa da ake nunawa a talabijin, bangon siminti na da hannu wajen haifar da shi. An kuma mayar da yadi biyar ya zama goma, aka rage lokacin wasa daga minti 70 zuwa 60. Tsugune ba ta ƙare ba dai, don a 1909 mace-macen sun sake tashi, ciki har da ɗan makarantar soja da ya mutu bayan wasa da Harvard, sai gyaran 1910 da na 1912 suka hana turawa da jan mai ƙwallo da sarƙe hannu, aka ƙara dama ta huɗu.

Waɗanda suka fi cin moriyar buɗe wasan ba manyan ba ne. Makarantar Carlisle da ke Pennsylvania, wadda gwamnati ta kafa a 1879 don raba 'ya'yan asalin mazauna Amurka da harshensu da al'adunsu, yaranta ba su da jiki kamar 'yan Harvard don haka dole suka dogara da gudu da wayo. Tun a 1903 sun taɓa cusa ƙwallo a bayan rigar wani ɗan wasansu ya ruga da hannu biyu a sake 'yan Harvard na ta neman inda take, ko da yake a ƙarshe an ci su 12 da 11. A 1911 kuwa suka zo har gida suka doke Harvard 18 da 15, ɗan wasansu Jim Thorpe ya ci huɗu da bugu ta saman ƙarfen gola da ƙafa mai ciwo. A 1912 suka ci makarantar soja 27 da 6, cikin sojan har da Dwight Eisenhower da ya zama shugaban ƙasa daga baya, kuma in ka tuna abin da sojan Amurka suka yi wa iyayen yaran nan shekaru kaɗan kafin nan za ka san wannan wasan ba wasa ba ne a wurinsu.

Gyaran ya rage jini, kuɗi kam bai taɓa shi ba. Yale ta buɗe nata filin a 1914 mai cin mutum wajen 70,000, ya ninka na Harvard, bayan yaƙin duniya na farko kuma jami'o'in jihohi suka shiga gina nasu da bashi, bashi kuma sai an cika kujeru ake biyansa, kujeru sai da nasara, nasara sai da 'yan wasan da aka saya. Gidauniyar Carnegie ta fitar da dogon rahoto a Oktoban 1929 ta nuna yawancin makarantun da ta bincika suna tallafa wa 'yan wasa ta bayan gida, sai dai a satin kasuwar hannun jari ta rushe, hankalin kowa ya koma can. Harvard da Yale da sauran takwarorinsu sun ga ba za su iya tsere da manyan jami'o'in jihohi ba, suka yi yarjejeniya a 1945 suka faɗaɗa ta a 1954 cewa ba za su ba kowa gurbin karatu kyauta saboda wasa ba, kuma wannan ta yiwu ne kawai don sun fita tare, kowa ya tafi da kishiyarsa.

Wadda ta fita ita kaɗai ita ce Chicago. Jami'ar da kuɗin attajiri Rockefeller ya gina, wadda shugabanta na farko ya ɗauko Amos Alonzo Stagg tsohon ɗan wasan Yale a 1892 musamman don ƙwallo ta tallata sabuwar makaranta, ta kuma yi tashe shekaru masu yawa, har ɗan wasanta Jay Berwanger ne ya fara cin kyautar gwarzon ɗan ƙwallon jami'o'i da ake kira Heisman a 1935. Wani shugabanta na daga baya Robert Hutchins ya ƙi yarda a sayi 'yan wasa, sakamakon kuwa a 1939 Michigan ta ci su 85 da nema, Harvard ta ci su 61 da nema, a watan Disamba ya rufe tim ɗin. Filin Stagg ya zauna babu kowa, kuma a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo na ɓangaren yamma akwai wani ɗakin buga ƙwallo a bango, irin mai kama da filin fayif ɗinmu, wanda ba mai amfani da shi. A nan masanin kimiyya Enrico Fermi da abokan aikinsa suka jera tubalan girafayit, irin baƙin da ke cikin fensir, da yuraniyam, ranar 2 ga Disamba 1942 suka tayar da injin nukiliya na farko a duniya.